Jarin juyawa ya shiga mainos: yadda zaka gane ko ƙarfi ne ko karyewa ce ke tafe

Akwai wani Alhaji da nake taya haɗa lissafin shagonsa duk ƙarshen wata, kayan masarufi yake saidawa, taliya da sukari da madara da man girki da su omo, rabi sari rabi ɗai-ɗai. Ranar da na fara zama da littattafansa, na gama buge-bugen kalkuleta na ɗago nace masa Alhaji kasan kuwa in yau duk masu binka bashi suka taru a ƙofar shagon nan lokaci ɗaya, ko an saida komai har ashanar ƙarshe ba zaka iya sallamarsu ba? Sai ya ajiye kofin shayinsa yayi dariya yace "Malam akawu, shekarata goma sha ɗaya a haka, kuma har yau ba wanda ya taɓa zuwa karɓar kuɗinsa ya koma hannu rabbana." Kuma wallahi gaskiyarsa ne. Ni ma dai ba ƙarya kalkuleta ta min ba.

To wannan halin da Alhaji yake ciki shi ne masu lissafin kuɗi suke cewa wokin kafital ya zama negatif, mu dai mu ce jarin juyawa ya shiga mainos. Abin da yasa nake so mu zauna a kansa shine lamba ɗaya ce tak, amma zaka ganta a littafin wanda kasuwa take yi da shi, kuma ka ganta a littafin wanda saura ƙiris ya kulle shago ya kashe waya. In baka iya rabe su ba sai ka firgita inda ba abin firgita, ko kuma ka miƙe ƙafa inda ya kamata ace ka tashi tsaye.

Ɗauko takarda ka raba ta biyu

A dama rubuta duk abin da yake kuɗi ne yanzu ko zai koma kuɗi nan kusa, masu lissafi shekara ɗaya suka yanka a matsayin iyaka. Wato kuɗin da ke durowa da na akawun ɗin banki da wanda ya kwana a POS, sai kayan da ke kan kanta da na sito amma a farashin da ka saro su ba wanda kake mafarkin saidawa ba, sai bashin da kake bin mutane. Anan ne da yawa suke yaudarar kansu. Bashin da ka ba ƙanin matarka tun sallar bara, wanda duk sanda ka kira sai yace yana cikin taro zai kira ka, wannan soke shi kawai, haka ma katan ɗin madarar da ta kusa esfaya. Firiza da sola da a daidaita sahun kai kaya da ginin shago in naka ne, duk dukiya ce ba musu, amma basa shiga nan don ba juya su kake ba, aiki kake da su.

A hagu kuma rubuta duk abin da za'a zo a ce maka kawo cikin shekarar nan. Kuɗin dillalin da ya baka kaya, albashin yara da ya taru, ragowar kuɗin haya, haraji, rancen banki ko na wani ɗan uwa, in rancen na shekara uku ne to kason da zaka biya bana kaɗai zaka sa. Sai wanda kusan kowa yake mantawa da shi, kafin alƙalami. In Hajiya ta turo maka kuɗi tun Sha'aban tace a tanadar mata kayan azumi, wannan kuɗin bai zama ciniki ba tukuna, bashi ne a wuyanka har ranar da aka loda mata kayanta. Haka telan da ya karɓi kuɗin ɗinkin sallah bai ko yanka yadin ba, haka mai makarantar kuɗi a satin farko na zango, haka masu jirgin yawo da kuɗin Umra.

Ga misali da shago irin na Alhaji, lambobin na daidaita su ne don lissafi yayi sauƙi. Kuɗi a hannu da banki naira 700,000, kaya na 2,000,000, bashin da yake bi mai rai 550,000, jimla 3,250,000. A hagu dillalinsa na kasuwar Singa yana binsa 3,750,000, ajiyar Hajiya 400,000, ragowar haya 250,000, albashin yara 100,000, jimla 4,500,000. Cire na hagu daga na dama, ka samu mainos 1,250,000. In kuma ka raba na dama da na hagu zai baka 0.72, ma'ana duk naira ɗaya da ake binsa kwabo 72 yake da shi na biya, kuma wannan lambar ce ma'aikacin banki yake fara dubawa in ka je neman rance, da ya ga bata kai ɗaya ba sai ya gyara zama.

Kar ka tsaya nan ka fara salati. Tambayi kanka miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin ɗin nan ina suka shiga, don mainos baya faɗowa daga sama, kuɗin mutane ne ka ɗauka daga cikin juyi ka kai wani wuri. Wuraren kuwa uku ne. Ko ka sayi kadara da su, irin Alhaji da ya sa sola da firiza biyu ya kuma gyara sito, ko asara ce take cinye su a hankali baka lura ba, kana saidawa ƙasa da abin da kaya ya tsaya maka in an haɗa da kuɗin mota da dako da ɓarnar ɓera da ta yaran shago, ko kuma gida ka kai su, biki da suna da gini da kuɗin makaranta. Na farkon ko ba komai abin yana nan ana gani yana kuma kawo kuɗi. Biyun ƙarshen sun tafi kenan.

Yanzu ƙirga kwanaki, nan ne ainihin maganar take

Lambobi uku kake buƙata. Kwana nawa kaya yake yi a shagonka kafin ya fita, kwana nawa kwastoma yake yi kafin ya biya ka, sai kwana nawa kai kake yi kafin ka biya wanda ya baka kaya. Ba sai ka yi kintace ba, lissafi ne. A ce Alhaji kullum yana fitar da kayan da ya saro naira 250,000, yana saida su 275,000. Kayan sito 2,000,000 ka raba da 250,000, kwana 8 kenan. Bashin da yake bi 550,000 ka raba da cinikin rana 275,000, kwana 2. Bashin dillali 3,750,000 ka raba da 250,000, kwana 15. Haɗa biyun farko ka cire na ukun, 8 da 2 goma, a cire 15, mainos 5.

Ka gane abin da ya faru? An sauke masa kaya, ya saida, ya karɓi kuɗin, sannan kuɗin suka ƙara kwana biyar a hannunsa kafin lokacin biya yayi. Kuma tunda kullum ana sauke wani ana saida wani, kullum akwai kuɗin kwana biyar na dillali a wajensa, kamar ruwan kwatar da baya ƙafewa don famfo a buɗe yake. Shi yasa shekara goma sha ɗaya ba wanda ya koma ba kuɗinsa, ai ba rana ɗaya suke zuwa ba, kafin na Alhamis ya zo cinikin Litinin da Talata da Laraba ya tara masa. Irin wannan mainos ɗin daɗin kasuwa ne, mutum na kasuwanci da jarin wani ba ruwa ba la'ada, kuma duk sanda ciniki ya ƙaru kuɗin da ke kwance a hannunsa ƙaruwa suke ba raguwa ba, saɓanin mai bada bashi da duk bunƙasar da yayi sai ya nemo ƙarin jari.

Yanzu ga wani daban, mai leshi da atamfa masu tsada a wajen Kantin Kwari, shima misali ne. Kayansa na 3,000,000, bashin da yake bin 'yan sari na ƙauyuka da matan da ke saidawa a gida 900,000, kuɗi a hannu 100,000, jimla 4,000,000. Ana binsa 2,250,000 na kaya, da rancen wani ƙaramin banki 3,000,000 da zai biya cikin wata shida, jimla 5,250,000. Mainos 1,250,000 cif, daidai da na Alhaji. Amma ƙirga masa kwanaki ka gani. A rana kayan 30,000 yake fitarwa ya saida 36,000, to kayansa sai sun yi kwana 100 kafin su ƙare, bashinsa kwana 25 kafin ya dawo in ma ya dawo, na masu kaya kuma kwana 75 ya fito. 100 da 25 a cire 75, saura 50, ba mainos ba. Kwana hamsin kuɗinsa suke yi a waje kafin su dawo, ramin da ya cike da rancen banki kenan. Kuma ko kwana 75 ɗin nan ba alheri bane, alƙawarin wata ɗaya suka yi da mai kayan, ya kai 75 ne don ya kasa biya yana ta "insha Allahu sati mai zuwa". Wannan bawan Allah bashin wancan yake ci ya biya na wannan, kuma yayin leshi baya jiran kowa, in aka wuce kalar da ke sitonsa sai dai ya karyar.

Saboda haka in ka ga mainos abu biyu zaka bincika kafin komai. Kwanakin nan in an haɗa an cire mainos suke ko sama da sifili, sannan bashin da ke hagu na waye, na masu kawo kaya da kwastomomin da suka biya tun da wuri ne bisa yarjejeniya, ko na banki ne da kuɗaɗen da wa'adinsu ya wuce ana ta wasan ɓuya.

Manyan duniya ma haka suke yi

Kar ka ɗauka dabarar 'yan Singa ce kaɗai. Walmart na Amurka, wanda a harkar kantuna ba wanda ya kai shi ciniki a duniya, a shekarar kuɗinsa da ta ƙare Janairun 2024 ɓangaren damansa kusan dala biliyan 77 ne, na hagu kuma sama da biliyan 92, kuma ba wanda yace ya kusa karyewa, don kwastoma a take yake biya a bakin kanta, masu kawo musu kaya kuwa sai sun jira makonni. Amazon ma a kan wannan tsarin ya girma. Dell mai kwamfuta a shekarun 1990 shi ya fi kowa suna da shi, sai kayi oda ka biya sannan a haɗa maka kwamfutar, kayan haɗin da ke ajiye a wajensu a wasu shekarun basa kai na sati guda ba, masu kawo musu sassan kuma sai daga baya. Ko a nan gida, duk sanda ka sa kati ko ka sayi data ta wata guda a MTN ko Airtel, ka biya ne kafin ka yi amfani, kai ne ka basu kafin alƙalami. Kamfanonin jirgin sama haka, tikiti yau tafiya wata mai zuwa.

Amma akwai ɗaya fuskar. Carillion, katafaren kamfanin gine-gine ne a Birtaniya mai riƙe da kwangilolin gwamnati, ya maida ƙananan 'yan kwangilarsa kamar bankinsa, wa'adin biyansa ya kai kwana 120. Da ya rushe a Janairun 2018, tsabar kuɗin da aka iske fam miliyan 29 ne, abin da ke wuyansa kuwa kusan fam biliyan 7, masu kawo masa kaya da yi masa aiki wajen 30,000 ya bari suna bin sa. Shi kuma Toys R Us mai kayan wasan yara a Amurka, a Satumban 2017 labari ne kawai ya fita cewa yana shirin bayyana karyewa, masu kawo kaya da yawa suka ce daga yau sai kuɗi hannu, cikin 'yan kwanaki ya garzaya kotu neman kariya. Kaga duk ginin a kan yarda yake tsaye, ranar da mai baka kaya ya ji ƙishin-ƙishin a kanka, ranar tsarin yake juyewa.

Abin da ke faruwa in famfo ya tsaya

Mu koma kan Alhaji mai lafiyayyen mainos. A ce ciniki ya faɗi rabi na kwana 15, ba kuma tatsuniya bace wannan, mun ga kullen korona a Kano a Afrilun 2020, mun ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 da mutum ke da kuɗi a banki amma tiransifa taƙi tafiya. Bashin dillali 3,750,000 na kayan da aka riga aka saida ne lokacin da kasuwa ke ci, shi ba ruwansa da faɗuwar ciniki, cikin kwana 15 ɗin nan zai cika. Abin da zai shigo kuwa 137,500 a rana, sau 15 ya kama 2,062,500, haɗa da 700,000 na hannu, 2,762,500. Gibin kusan miliyan ɗaya kenan, ba'a ma yi maganar albashi da haya da kayan Hajiya ba. Firiza da sola suna nan amma dillali ba zai karɓi firiza ba. Rana bata ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Ni kaina na ɗanɗana, shi yasa nake zafafawa a kan wannan gaɓar. Lokacin ina da ɗan shagon lemo da ruwan roba, wani dillali yana sauke min kaya duk Asabar in biya bayan sati biyu. Lokacin zafi ne, kaya baya kwana uku, alat sai shigowa yake kamar ruwan sama, na duba akawun naga kuɗi sun kwanta sai zuciya ta fara raya min nawa ne, ana haka wani ya zo min da maganar fili a bayan gari biya kashi-kashi, na zuba kason farko ina jin kaina. Damina na sauka ciniki ya ja baya, kuma a daidai lokacin dillalin ya aiko cewa an canza musu tsari daga sama, yanzu kuɗi hannu ne, sannan a haɗo na baya. Har yau ina ganin yaronsa a idona, ya kafe babur a bakin shagon, ya jawo kiret ya kifa ya zauna, littafin bashi mai jan bango a kan cinyarsa, ba faɗa ba zagi, "ina kwana yallaɓai, maigida yace kar in dawo sai da saƙo", duk kwastoman da ya miƙo min kuɗi sai ya bi hannuna da kallo har durowa. Kwana huɗu yana zuwa. Filin dai da faɗuwa na rabu da shi.

To ya zaka riƙe shi

In naka irin na Alhaji ne, abu na farko raba kuɗin. Buɗe akawun na biyu ko da na waya ne, duk yamma ka cire uwar kuɗin kayan da ka saida ka tura can, abin da ya rage shine naka. Abu ne mai sauƙin faɗa amma shi kaɗai da na yi da ban ga yaro a kan kiret ba, don ido ne yake ruɗin mutum, in ka ga miliyan uku a waje ɗaya sai ka manta kwana biyar kawai suka zo yi.

Sannan ka yi jadawalin makonni, akawun kamfanoni na sati 13 suke yi wato wata uku, kai ko na sati takwas ka yi ya isa. Kowane sati layi ɗaya, abin da kake sa ran zai shigo da abin da dole ya fita da sunan mai shi da ranar. Duk wata kuma ka gwada kanka da tambayoyin nan biyu kamar yadda muka yi wa Alhaji, in ciniki ya faɗi rabi na tsawon wa'adin dillalina nawa ne gibin, in kuma gobe yace kuɗi hannu kwana nawa zan iya ci gaba da sari. Gibin da ya fito shi ne ajiyar da ya kamata ka tara daga riba a hankali, ko aƙalla kasan ƙofar da zaka ƙwanƙwasa tun kafin ranar, ba ranar ba.

Kuɗin sati biyu kuma ba'a sayen abin shekara biyar da su. In har sai ka taɓa, to duba watan da kasuwarka ta fi mutuwa a shekara, nawa ne yake kwance a hannunka a wannan watan, ka tsaya ƙasa da shi, ba abin da kake gani a goman ƙarshe na azumi ba. Kar kuma duk wuyanka ya zama a hannun dillali ɗaya.

Akwai wani abu da ba'a cika lissafawa ba, bashin kaya ba kullum yake kyauta ba. In dillali yana rage kashi 2 cikin 100 ga wanda ya biya a take, kai kuma kana jiran kwana 15 ka biya cikakke, to kashi 2 kake biya duk kwana 15, a shekara kusan sau 24, kusan kashi 48 kenan. Ko a ƙarshen 2024 da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 ana ta kuka, bai kai wannan ba. Don haka tambayi farashin kuɗi hannu ka kwatanta, wani lokacin gara ka fita daga mainos ɗin ka ci rangwamen.

Wa'adi kuma a nema a fili. Ka zauna da mai kaya kace Alhaji sati biyu ya min kaɗan a ƙara min zuwa uku, in ya yarda a rubuta, ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Wannan daban, jan ƙafa da gangan kana da kuɗin a akawun kana juyawa shi kuma yana can yana rasa na sari daban, hadisi ingantacce ya kira jinkirin mawadaci wajen biya zalunci, kuma ko ta fuskar kasuwa ma wauta ce, ranar da sukari ko mai yayi wuya waɗanda basa saɓa rana ake fara kira. Kafin alƙalami ma haka, a faɗi adadi da nau'i da ranar bayarwa ƙarara, kuma in ka karɓi kuɗin Hajiya sayi kayan nan take ka ajiye, don in buhu ya tashi tsakanin Sha'aban da azumi kai zaka cike daga aljihunka.

In kuwa naka irin na mai leshi ne, maganin ɗaci gare shi. Dakatar da sarin duk abin da baya tafiya, karya farashin kwantai ya fita ko da uwar kuɗi ce kawai ta dawo, bi bashinka gida-gida ka daina bada sabo ga wanda bai kawo tsoho ba, je wajen masu binka da ƙafarka kafin su turo yaro ku tsara biya kashi-kashi. Rancen wata shida a nemi a maida shi mai dogon zango, ko a samo wanda zai zuba jari a raba riba, masu gudun ruwa su leƙa bankuna irin su Jaiz da TAJ su ji tsarin murabaha, wato banki ya sayi kayan ya saida maka da ribar da kuka daidaita a kai. Abin da bazai yi ba shine sabon rance na wata ɗaya daga manhajojin wayar nan don a toshe na wata shida.

Masu karɓo kaya bashi daga Chana ko Dubai ku kuma naku da ƙari, don ɓangaren hagunku da dala yake na dama da naira. A Yunin 2023 da aka saki naira, dala a farashin hukuma ta tashi daga wajen 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, farkon 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya saida kayansa da tsohon farashi yana riƙe da naira yana jiran wa'adi, bashinsa ya ninka a zaune ba tare da ya ƙara ko kwali ɗaya ba. Ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ba, MTN Najeriya duk da cinikinsa asarar naira biliyan 137 ya tafka a 2023, kuma faɗuwar naira ce ta jawo saboda nauye-nauyen da ke kansa masu alaƙa da dala. In bashinka na dala ne, kuɗin da ka ware na mai kaya a maida su dala da wuri.

Mai son sayen hannun jari kuma, kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya wato NGX suna fitar da rahoton kuɗinsu duk wata uku, kuma lissafin takardar nan tamu mai gida biyu yana ciki an riga an haɗa jimla, kai dai cirewa zaka yi. In ka ga mainos buɗe bayanan da ke ƙasa ka ga me ya cika ɓangaren hagu, bashin masu kawo kaya da kuɗin da kwastomomi suka biya tun gaba ne, ko rancen banki mai gajeren wa'adi. Duba shafin shige da ficen tsabar kuɗi ka ga ko ainihin sana'ar tana kawo kuɗi ko rance ne yake riƙe da ita. Jera rahoton shekara uku ko huɗu, in kwanakin biyan masu kaya suna ta tsawo alhali ciniki yana raguwa to ba ƙarfi bane, an fara "sati mai zuwa" kenan da babban suna.

Ka kuma lura da ranar da aka yi lissafin, don hoton rana ɗaya ne. Makarantar kuɗi in ka leƙa littafinta a sati na biyu da komawa zaka ga akawun cike da kuɗi da tulin kafin alƙalamin iyaye, in ka dawo sati na goma sha ɗaya kuɗin sun tafi a albashin malamai da dizal da alli, ga hutu na tafe wanda ba mai biyan ko sisi amma malamai suna jiran albashinsa. Shagonka ma haka, kar ka yi lissafin washegarin da aka sauke maka tirela wannan watan sannan wata mai zuwa ka yi shi ana gobe saukewa, zaɓi rana ɗaya, ni 28 ga wata muke yi da Alhaji bayan la'asar, yara na ƙirga katan yana kiran lamba ina rubutawa.